Masakin Iri

Shafi na 27

Motar agaji ta bar kasuwar Gidan Amumune bayan azahar, ba ta tafi da Rabi'u ba.

Direba ya yi ta danna ham har ya gaji. Jandarma, jami'in tsaron da ke rakiyar kaya, ya duba agogo, ya ce a tafi. Wurin zaman da aka yi wa Rabi'u alkawari a gaba ya tafi babu kowa.

Ƙarshen watan Mayu ne na 1988, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Soja ke mulki. Daminar bara ta ɗauke da wuri, fara ta cinye abin da ya tsira. Rabi'u ɗalibi ne a jami'ar Say da ke can bakin kogi, shekararsa ta biyu, yana karatun addini da bursi, wato tallafin karatu na gwamnati. Jarrabawa za ta fara ranar Litinin. Wanda bai zauna ta ba ya rasa shekara, ya rasa bursi. Wata mota ba za ta sake shigowa wannan rairayi ba sai kasuwa ta zagayo.

Ya san duk wannan. Lokacin da motar ke kiransa, yana zaune a bukkar kakansa Danda a Gidan Kalgo, ƙauyen da ake jin hayaniyar kasuwa daga cikinsa idan iska ta juyo. Jakarsa a ɗaure take, a gefen ƙafarsa.

Aikin makaranta ne ya jawo masa. Malaminsu ya ce kowa ya koma garinsu hutun Sallah, ya nemo wata al'ada da ta rage tun zamanin da ba a fara salla ba, ya auna ta da littafi, ya kawo. Rabi'u bai yi dogon tunani ba, ya zaɓi masakin iri. Tun yana yaro ya san shi: babban masaki ne, an rufe bakinsa da fatar akuya, an tsaga fatar daidai shigar hannu. Sau ɗaya ake fito da shi a shekara, ranar da shamuwa ta sauka a gawon bakin rijiya. Masu gida su yi layi bayan la'asar, kowa ya ja hannun rigarsa ya rufe yatsunsa, ya zura, ya fitar. Kafin a yi haka ba mai shuka. A zuciyarsa ya riga ya gama hukunci, ragowar arnanci ne.

Shekaranjiya Danda ya sauko da masakin don ya nuna masa. Yana cikin bayani sai ya saki. Rabi'u ya tare kafin ya kai ƙasa, kamar yadda kowane jika zai yi. Daga bakin ƙofa kakarsa A'i ta ce, "Ya karɓa."

Masakin iri ba a miƙa shi hannu da hannu. A ƙasa ake ajiye wa mutum. Wanda ya karɓa daga hannun mai riƙo, shi ne sabon mai riƙo. Kafin yamma duk gari ya ji.

Yau da safe shamuwa ta sauka.

"Da gangan ka sake shi," in ji Rabi'u.

Danda na jingine da bangon bukka, idonsa a lumshe. "Tsoho ne ni. Komi zamewa yake daga hannuna. Matar nan ma ta kusa zamewa, sai ka shirya tarewa."

A'i ta amsa daga wajen murhu cewa ita ba ta son ango mai hannu kamar na jariri, wanda ko kantar aiki ba ta fito masa ba. Gara ta zauna da tsohon, ko ba komai ya san inda hauya take.

Rabi'u bai yi dariya ba. Ya sake maimaita maganar jarrabawa, a hankali, da ladabi. Sannan ya faɗi ta biyun, wadda ta fi yi masa nauyi. Shekara biyu yana karanta abin da ya halatta da abin da bai halatta ba. Ba zai tsaya gaban jama'a riƙe da ƙwarya suna neman ruwan sama a cikinta ba.

Danda ya buɗe ido.

"Wa ya ce maka ruwa muke nema a ciki? Ruwa na Allah ne. In za mu roƙi ruwa, Liman Abdussalamu ke shiga gaba."

"To mi ake yi a ciki, Kaka?"

Tsohon ya ce A'i ta je ta duba akuya. Ta ce akuyar ta mutu tun watan azumi, kuma tun tana amarya ake korarta in za a yi wannan magana, alhali ta fi mai korar saninta. Duk da haka ta ɗauki mayafinta ta fita.

Danda ya jira har takunta ya ɓace.

"Mai iri ya zuba. Wanda ya ci irinsa ya ɗiba. Hannu a rufe yake shiga, a rufe yake fita. Shi ke nan."

Rabi'u ya matso kusa.

Tsohon ya ci gaba da ƙaramar murya. Kowane mai gida ya san abin da hannunsa ke yi, amma ba a taɓa faɗa da baki ba, ko uba ga ɗansa sai ranar da ɗan ya yi gida. Wani kakan kakansu ne ya fara, bayan wata yunwa da mutum ya cinye irinsa, ya ji kunyar roƙo, ya bar gari da iyalinsa ba sallama. Tun daga nan ba a sake roƙon iri a Gidan Kalgo ba, ba a kuma sake yi wa kowa godiya a kansa ba.

"Mutum ɗaya ke sani," in ji shi. "Mai riƙo. Nauyi ke gaya masa."

Ya ɗago hannunsa na dama cikin hasken da ke shigowa ta ƙofa. Yatsun na rawa kamar ganye.

"Bara wanga hannu ya yi magana. Wani ya ɗiba, masaki ya yi sama, an gani. Mutumin bai kai kaka a garin nan ba."

Rabi'u ya tambaya me ya hana a ba Kawu Auta, ɗan tsohon na cikinsa, wanda ke zaune a gari da gona da iyali, kuma ƙarfinsa ya kai yana dakon buhuna a kasuwa. Danda ya ce abin da ya hana ke nan. Gobe Auta zai yi gardamar iyakar gona da wani, jibi zai nema wa ɗansa aure a gidan wani. Shi Danda ya zauna da sirrin rumbun kowa tsawon rayuwarsa, ya san abin da yake ci a cikin mutum. Ba ya so wa ɗansa.

"Kai tafiya za ka yi. Ka zo da shamuwa, ka tafi da ita. Abin da ka ji ya bi ka can bakin kogi." Ya ɗan tsaya. "Kuma Auta ya ce bana yana son hannunsa ya shiga. Mai riƙo ba ya sa hannu."

A nan ne ham ɗin motar ya iso, siriri, daga nesa.

Rabi'u ya ce a yi yanzu, a gama, ya ruga. Danda ya ce maza na kasuwa, kuma ba a taɓa yi kafin la'asar ba. Ham ya sake zuwa. Rabi'u ya dubi jakarsa. Ya tuna ɗakin jarrabawa, teburan da aka jera, takardar da ake kifewa a gaban mutum har sai an ce juya. Ya tuna mahaifiyarsa Furera ranar da sunansa ya fito a rediyo cikin waɗanda suka samu bursi, yadda ta ajiye taɓarya ta zauna a ƙasa.

Bai ce ya yarda ba. Bai dai tashi ba.

Ham ya daina.

Bayan la'asar aka taru a ƙarƙashin gawo. Itacen ya fara zubar da ganye, alamar ruwa na kusa. Shamuwa na tsaye a kan rassan sama, baƙaƙe da fararen ciki, ba su damu da mutane ba. Mata sun tsaya can wajen rijiya. An shimfiɗa wa Danda tabarma a gefe.

Umarnin da ya ba jikansa kaɗan ne. Ka tsaya. Ka matse gwiwar hannu a haƙarƙari. Kada ka dubi fuska, ka dubi sama. In layi ya ƙare ka ce ya isa, sai a watse.

Masakin ba shi da nauyi sosai. Ɗan abin da ke ƙasansa na Danda ne, ragowar da A'i ta ɓoye a tukunya duk tsawon rani.

Liman Abdussalamu ne farko. Dattijo ne mai farar riga wankakkiya, shi ya koya wa Rabi'u baƙi da wasali. Rabi'u ya shirya hannunsa don ƙarin nauyi.

Masakin ya yi sauƙi.

Ya riƙe numfashi, idonsa a kan shamuwa. Liman ya fitar da hannu a cikin riga, ya ce Allah ya ba mu damina mai albarka, ya wuce da takunsa na kullum.

Na biyu ya ɗiba. Na uku ma. Irmiya, manomin da ke jagorantar ƴar majami'ar zana a yammacin gari, ya zuba ɗan kaɗan, abin da bai cika tafi ba. Wanda ke bayansa ya kwashe. Mai gari ya ɗiba. Mutumin da ya yanka rago ranar Sallah ya ɗiba.

Tun layin bai kai rabi ba irin da ke masakin ya ƙare.

Hannuwa ba su daina shiga ba. Rabi'u na jin farce na karce ƙasan ƙwarya ta cikin tafinsa, yana jin yatsu na zagaya gefe suna neman ƙwaya. Sannan hannun ya dunƙule a kan babu, ya fita a rufe, mai shi ya yi addu'ar damina da cikakkiyar murya, ya koma ya tsaya da mutuncinsa.

Zafi ya kwanta a kan filin. Ganyen gawo na saukowa ɗaya bayan ɗaya, yana juyi kafin ya taɓa ƙasa. Rabi'u ya ji kamar ba a tsaye yake ba. Sararin da yake kallo ya yi fari, ya yi faɗi, ya koma rufin aji a Say, fanka na juyawa a hankali ba ta korar komai. Ta taga ana hango kogi, kwalekwale ɗaya a tsakiya kamar an manta da shi. Malam na tafiya tsakanin tebura yana karanta babin sadakar ɓoye, muryarsa na tashi tana sauka. Rabi'u ya haddace babin nan. Ya san waɗanda suka ruwaito, ya san saɓanin malamai a kai, ya samu maki mai kyau. Yanzu a cikin ajin, ɗalibai sun tashi sun yi layi, kowa hannunsa a cikin riga, kuma fuskokinsu na mutanen Gidan Kalgo ne. Kogin ya taso ya shigo ta taga ba ƙara, ya cika masakin, hannuwa na iyo a ciki kamar kifi. Ya so ya tambayi malam a wane shafi zai sa wannan. Malam ya riga ya koma shamuwa, yana tsaye a kan allo da ƙafa ɗaya.

Nauyi ne ya dawo da shi.

Ya zo gaba ɗaya, kamar an ɗora masa yaro a hannu. Gero na kwarara daga cikin hannun riga mai faɗi, yana kwarara bai tsaya ba. Kafaɗun Rabi'u suka so su sauka. Ya matse gwiwar hannunsa har haƙarƙarinsa ya yi zafi. Masakin bai motsa ba.

Bai dubi fuska ba, amma ya san warin. Gumi ne da igiyar buhu. Kawu Auta ya yi addu'ar damina a gaggauce, ya wuce.

Na bayansa ya zura hannu, ya ɗan daɗe, ya ɗiba da kyau. Da yake fitarwa rigar ta zame kaɗan. Rabi'u ya ga wuyan hannun ta wutsiyar ido. Ja ne.

Ya san jan. Da safe ya gan shi a kasuwa, lokacin da ya je neman wurin zama a mota. Bayan buhunan hatsin ci akwai wasu da aka ware, irin shuka na gwamnati, an gauraye shi da jan magani don kada a ci. Ba na Gidan Kalgo ba ne, na garuruwan gaba ne. Jandarma ya faɗa da ƙarfi a gaban ƴan dako cewa duk wanda ya taɓa su zai ga garin Mayahi ta bayan ƙarfen kurkuku. Samarin Gidan Kalgo ne suka yi dakon, Auta a cikinsu.

Layin ya ci gaba. Duk wanda ya biyo bayan Auta ya samu iri, duk ya fita da jan hannu a ɓoye. Waɗanda suka riga shi hannunsu fari, kuma babu komai a ciki. Ko yaro ya duba hannuwan nan zai san daga inda jan ya fara.

Mutum na ƙarshe ya wuce. Aka tsaya ana jiran kalma.

Rabi'u bai faɗa ba.

Wani ya yi gyaran murya. Mai gari ya dubi Danda. Danda na kallon ƙasa, yana wasa da tsinke. Daga wajen rijiya A'i ta ɗaga murya ta ce angon nata ya yi barci a tsaye, a yayyafa masa ruwa.

"Bai isa ba," in ji Rabi'u, idonsa a sama. "A sake zagayowa."

Ba a taɓa yi ba. Aka fara ƙananan maganganu. Wani ya ce abin da ake samu ke nan in an ba ɗan lakwal, ɗan makaranta, riƙon abin manya. Liman Abdussalamu ya dubi tsohon ɗalibinsa na ɗan lokaci, sannan ya tako, ya ja hannun riga, ya zura. Rabi'u ya ji yatsun sun nutse cikin gero, sun tsaya cak, sannan sun cika. Liman ya fitar, ya leƙa cikin rigarsa sau ɗaya.

"Mai riƙo ya ce a zagayo," in ji shi. "Kowa. Har wanda ya riga ya samu."

Aka zagayo. Wannan karon masakin na yin sauƙi a hankali, kamar yadda ya kamata. Da aka gama, akwai saura a ƙasansa. Irmiya ne ya fara buɗe tafinsa a fili, ya duba, ya ce shekararsa talatin da aure sai yau aka sa masa lalle, kuma shi da liman rana ɗaya. Dariya ta tashi, irin wadda aka daɗe ba a ji ba a garin. Auta kaɗai bai yi ba. Yana tsaye a baya, yana kallon hanyar kasuwa.

"Ya isa," in ji Rabi'u.

Ba a kai ga watsewa ba aka ji injin. Shamuwa suka tashi gaba ɗaya. Motar agajin ta fito daga bayan tudu tana nishi a cikin rairayi, ta zo ta tsaya a bakin rijiya. Direba bai kashe ta ba.

Jandarman ya sauko. Dogo ne, ba matashi ba, ba ya sauri. Ya ce a garin El Alasan Mairairai aka sauke kaya, aka tarar an farke buhu ɗaya na iri an ɗinke da wata igiya daban. Ƴan dakon daga nan suke. Ya ce ba zai wahalar da kowa ba, maganin ba ya fita da wanki ɗaya. Kowa ya nuna hannunsa.

Mai gari ya fara. Sai liman. Sai Irmiya. Hannuwa suka buɗe a jere tun daga gindin gawo har bakin rijiya, tsofaffi da matasa, duk ja.

Jandarman ya bi layin daga farko har ƙarshe. Ya wuce Auta kamar yadda ya wuce kowa. Sannan ya juyo, ya zo ya tsaya gaban Rabi'u, ya dubi fatar akuya da tsagar da ke tsakiyarta.

"Kai ne etidiyan, ɗalibin da muka yi ta jira."

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Mi kake karantawa?"

"Addini."

"To madalla. Ba za ka yi mini ƙarya ba ke nan." Ya taɓa gefen masakin da ɗan yatsa. "Kakata ƴar wajen garin Sarkin Hausa ce. A garinsu ma ana yin wanga abu. Na san ba a ganin komi. Na kuma san mai riƙo ya san hannun da ya yi nauyi."

Danda ya yi tari a kan tabarmarsa. Ba wanda ya dube shi.

Jandarman ya rage murya, har sai su biyu ke ji. Ya ce shi ma yana da na gaba da shi, ba zai koma hannu wofi ba. Suna ɗaya yake so. In ya samu, Rabi'u ya ɗauko jakarsa ya shiga gaba, su kwana Maradi, ya isa Say kafin Litinin da sauran lokacin yin bita. In bai samu ba, tafiyar dai tare za a yi, amma a baya, kuma a Mayahi za a sauke shi. Ɗalibin da ke cin bursin gwamnati ya san abin da takarda ɗaya daga ofishin jandarma ke yi.

"Ka yi tunani, malam. Ba ni da gaggawa, sai dai rana na faɗuwa."

Iska ta juyo daga gabas, mai sanyi, da ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri mai nisa. Mutane suka ɗaga kai ba da saninsu ba. A'i ta fito daga cikin mata riƙe da jakar Rabi'u, ta zo ta ajiye ta a ƙasa, tsakaninsa da motar, ta koma.

Ƙofar gaba a buɗe take. Injin na aiki.

Rabi'u na riƙe da masakin har yanzu, gwiwar hannunsa a matse. Ya mai da idonsa sama, bai dubi fuskar kowa ba. A duk mazan Gidan Kalgo da ke tsaye a filin nan, hannunsa ne kaɗai ba ja.